Gwanin Zaɓen Taya a Hanyoyin Gobir

Duk wanda ya saba shiga mota a gabashin Sakkwato ya san Golf. Daga Isa zuwa Sabon Birni, daga Kamarawa zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ita ce 'yar motar nan mai gajeren baya da ake lafta wa mutane da buhuna, ta ɗauka, ta kuma kama hanya a guje. Direbobi na son ta don injinta ba shi da rigima, kayan gyaranta kuma ba sa wuyar samu. Wadda ta fi yawa a tashoshinmu ita ce Golf 3, wadda kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara fitarwa a 1991. Gudun nan nata kuwa gado ta yi. Tun a 1976, shekara biyu bayan fitowar Golf ta farko, kamfanin ya ɗora wa wannan ƙaramin jiki inji mai ƙarfin doki 110, ya sa mata suna GTI, daga nan ƙananan motoci suka fara gogayya da manya a titi. A zuriyar Golf 3 akwai GTI mai doki 115, akwai mai 150, ga kuma VR6 mai silinda shida da ta kai 174.

Amma duk ƙarfin nan ba shi da hanyar isa ƙasa sai ta wuri huɗu, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ta nan mota ke tashi, ta nan take shan kwana, ta nan take tsayawa. Birki ba ya tsayar da mota, wili yake tsayarwa, taya ce ke riƙe ƙasa har motar ta tsaya. A Golf kuma aikin ya fi yi wa tayoyin gaba yawa, domin su ne ke jan motar, su ne ke bin sitiyari, kuma su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin birki. Shi ya sa nake ganin mutumin da ya iya zaɓen taya ya cancanci girmamawar da muke yi wa bakaniken inji, ko ma fiye. Sau da yawa mai faci ne da ya tsufa a sana'a, yana zaune a rumfa a bakin tasha da injin iska da kwandon ruwan gwada tub, ko kuma tsohon direba ne da hanya ta karantar. Ba shi da takardar shaida, amma in ka zauna kusa da shi yana duba taya, za ka ga karatu ake yi.

Ba ya fara magana da sunan kamfani. Tambaya yake fara yi, cikin harshen ƙasar: wace hanya kaka bi, mi kaka ɗauka, da rani ko da damina ka fi tafiya? Dalili kuwa, riƙon ƙasa ba abu ɗaya ba ne. Motar da ke zirga-zirga a cikin garin Sakkwato kan kwalta mai laushi, da wadda ke fita daga Isa ta bi kwaltar da ramuka suka cinye, ta sauka burji, ta kutsa yashi, ta ratsa fadamun Bunsuru da Gagare lokacin da laka ke kama ƙafa, ba taya ɗaya suke so ba ko da injinsu iri ɗaya ne. Ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa a gefen hanya. Ga zafin Afrilu da Mayu, lokacin da iska ke haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Ga ruwan Agusta. Tayar da za ta yi duk waɗannan daidai wa daida babu ita, saboda haka aikin gwani shi ne ya auna abin da direban nan zai iya saraya da abin da ba zai iya ba.

Abu na farko da ya raba gwani da ɗan koyo shi ne sanin cewa roba ce ke riƙe titi, ba zane ba. Mafi yawan masu saye zurfin zane suke kallo, su zura yatsa, in ya shige sai hankalinsu ya kwanta. Alhali a busasshiyar kwalta zane ba ya ƙara komai, shi ya sa motocin tseren Formula 1 ke gudu da tayoyi marasa zane ko kaɗan in babu ruwa. Roba tana riƙo ne ta hanya biyu. Tana mannewa da fuskar titi, tana kuma lanƙwasawa ta shiga tsakanin ƙananan duwatsun kwalta ta kama su. Dukansu biyu sai roba na da rai. Aikin zane daban ne, shi ne ya kori ruwa daga ƙarƙashin taya. Idan zane ya suɗe kuma aka shiga ruwa da gudu, ruwan ba ya samun mafita, sai taya ta hau kansa, sitiyari ya yi sakwaf a hannu, birki ya zama banza. Saboda haka masu ƙera taya ke saka 'yan tudu a cikin kwarin zane, tsayinsu milimita 1.6. Ranar da fuskar taya ta yi daidai da su, tayar ta gama aiki a dokar ƙasashen Turai. Gwani ba ya jira a kai nan in damina ta kusa, musamman da yake ruwan farko ya fi kowanne santsi, don yana tarar da ƙurar rani da man da motoci suka ɗiga, ya dama su a kan kwalta.

To yaya ake gane roba mai rai? Da farce da ido. Yana danna farcen babban yatsa a fuskar taya. Mai rai za ta ɗan shige ta dawo, tsohuwa kuwa ta ƙeƙashe, har wani ƙyalli take yi. Sai ya kai ta hasken rana ya duba kwarin zane da gefe, yana neman ƙananan tsagu da ke nuna roba ta bushe. Daga nan ya nemi shekarunta. A gefen kusan kowace taya akwai jerin rubutu da ya fara da DOT, ƙarshensa lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na 2019. Wannan tsari na lamba huɗu ya fara ne daga 2000, don haka wadda ta zo da lamba uku ta girmi wasu direbobin. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana shelar cewa shekara huɗu ne wa'adin taya daga ranar ƙira. Kamfanoni irin su Michelin sun fi sassauci, suna cewa a riƙa binciken ta duk shekara bayan ta cika biyar, kada kuma ta wuce goma ko da zanenta na nan. A ganina, a ƙasa mai rana irin tamu, inda taya ke yini a fili tana gasuwa, lissafin hukumar ya fi kusa da gaskiyarmu.

Wannan karatu ya zama dole ne saboda irin kasuwar da muke da ita. Da can ana ƙera taya a Najeriya. Michelin na da masana'anta a Fatakwal, Dunlop na da tasa a Ikeja. Ta farko ta rufe a 2007, ta biyu ta bi bayanta a 2008. Tun daga lokacin, kusan duk tayar motar da ke birgima a ƙasar nan daga waje take zuwa: sababbi daga Sin da Indonesiya da Tailan da sauransu, da kuma tsofaffin Turai da muke kira Beljiyam ko 'yan Kwatano. A takarda, an hana shigo da tayoyin ƙananan motoci da aka yi amfani da su. A kasuwa kuwa, daga Ƙofar Ruwa a Kano har zuwa rumfunan bakin iyaka, ga su nan jibge, kuma direban haya da ke lissafin kuɗin mai da na tasha su yake iya saye. Gwani ba ya tsayawa yi masa wa'azi. Zama yake yi ya tsamo masa mai kyau a cikin tsibin.

A nan ne ake ganin ƙwarewarsa ƙarara, domin a cikin tsibin akwai tarko babba. Mutanen Jamus da maƙwabtansu suna da tayoyin sanyi da suke ɗaurawa lokacin ƙanƙara, su cire in yanayi ya sauya. Da yawa daga cikinsu kan ƙare a kwantenar da ta nufo Afirka ta Yamma, kuma su ne suka fi kowace taya kyan gani. Zanensu zurfi gare shi, fuskarsu cike da ƙananan tsagu masu lanƙwasa, robarsu kuma laushi tiɓis, wanda bai sani ba sai ya ce ya yi tsintuwa. Amma an haɗa wannan roba ne don ta zauna da laushi a ƙasa da digiri 7. Ka ɗora ta a kwaltar Goronyo da azahar a watan Afrilu, sai laushin ya yi yawa. Zanen ya riƙa lanƙwashewa a kwana, mota ta riƙa yawo a hannu, birki ya ƙara tsawo, tayar kuma ta cinye kanta cikin ɗan lokaci. Gwani yana juya gefenta ya nemi hoton dutse mai kai uku da zanen ƙanƙara a cikinsa. In ya gani, ya ture ta gefe. Haruffan M+S kaɗai ba su isa hukunci ba, don ana samun su a wasu tayoyin da aka yi wa kowane yanayi, amma suna sa shi ya ƙara dubawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Bayan ido sai hannu. Yana tayar da taya tsaye, ya zura hannu ciki ya zagaya a hankali yana shafawa. Yana neman faci nawa aka yi mata da inda aka yi su. Faci a tsakiyar fuska abin haƙuri ne, amma faci a gefe, inda taya ke lanƙwasawa a kowane juyi, ba ya yarda da shi. Yana neman garin roba baƙi a ciki, shaidar cewa an taɓa tuƙa ta babu iska har cikinta ya niƙe. Yana bin bakinta, inda take kama rim, domin wasu 'yan kasuwa na cusa taya cikin taya, uku ko huɗu, don su rage kuɗin kwantena, kuma hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama irin wannan. Wayar da ke bakin taya in ta lanƙwashe ba ta komawa daidai, ko da tayar sabuwa ce fil. Akwai kuma masu ɗaukar suɗaɗɗiyar taya su sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi. Wannan aiki ne da aka yarda da shi a wasu tayoyin manyan motoci da aka ƙera da kaurin roba don haka, amma a tayar Golf ganganci ne, don tsakanin sabon zanen da wayar ciki babu komai. Gwani yana gane shi da rashin daidaiton layukan da kuma ɓacewar 'yan tudun nan na cikin kwari. In an ɗaura an yi iska, yana sake shafa gefe. Kumburi ko ƙanƙani yana nufin zaren ciki ya tsinke, kuma ba ya gyaruwa.

Sai maganar girma, inda samari masu sha'awar gudu suka fi saɓa wa dattawan sana'a. Golf 3 ta fito da girma daban-daban: 175/70 R13, da 185/60 R14, da 195/50 R15 wadda ake gani a GTI. Lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a kason faɗin, ta ƙarshe kuma girman rim a inci. In ka yi lissafi za ka ga dukansu uku kusan tsayi ɗaya ne daga ƙasa zuwa sama, wajen milimita 576. Bambancin yana gefe: ta 13 tana da kimanin milimita 122 na roba tsakanin rim da ƙasa, ta 14 tana da 111, ta 15 kuwa ba ta kai 98 ba. Gajeren gefe yana sa mota ta amsa sitiyari nan take, ta kwanta a kwana ba tangaɗi, kuma a kan titi mai kyau babu mai musun daɗinsa. Amma rami ɗaya mai kaifin baki ya isa ya matse wannan ɗan gefen tsakanin rim da kwalta, ya tsinke zare ko ya lanƙwasa rim. Kuma a burji mai ƙunya-ƙunya, taya mai tauri tsalle take yi, wadda ke sama kuwa ba ta riƙe komai. Shi ya sa za ka ji gwani na ba mai bin hanyar ƙauye shawarar ya tsaya a rim 14, wani lokaci ma ya hau zuwa 185/65, wadda ke ɗan ɗaga mota kuma ta fi ɗaukar nauyi. Ba ya ɓoye masa abin da zai biyo baya: agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da wajen kashi 3 cikin 100, kuma in lodi ya yi yawa taya na iya gugar jikin mota.

Bayan girma akwai lamba da harafi, kamar 82H, kuma su ne mutane suka fi tsallakewa. Lambar nauyi ce. 82 na nufin kilo 475 kowace taya, 86 kilo 530, 88 kilo 560. Tayoyin baya biyu masu 82 ba su wuce kilo 950 ba a haɗe, alhali jikin motar ya riga ya ci wani kaso. A ƙara fasinja huɗu a kujerar baya, a cika but da buhunan gero ko albasa har ƙofa ta ƙi rufuwa sai da igiya, sai a ga an haye iyaka tun ba a bar tasha ba. Ga kuma wata illa da ta shafi Golf musamman: in baya ya zauna, gaba na ɗaguwa, tayoyin da ke jan mota da juya ta sai su rasa nauyin da ke danna su ƙasa. Ga mai irin wannan aiki, gwani yakan nemi lamba mai girma, ko wadda aka rubuta wa XL, mai ƙarfin jiki. Harafin kuma gudu ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Ba wanda ke wannan gudu a hanyar Sabon Birni, amma harafin na da amfani, domin tayar da aka gina don babban gudu an gina ta ne ta jure zafi, zafi kuwa shi ne babban mai fasa taya a ƙasarmu. Tayoyi da yawa na ɗauke da wani ma'auni na Amurka a gefe. Kusa da kalmar Temperature akwai A ko B ko C, gwani A yake nema. Kusa da Traction akwai AA, A, B ko C, wato ƙarfin birki a jiƙaƙƙen titi. Sababbin da aka yi wa kasuwar Turai kuma, tun 2012, suna zuwa da takarda manne da ke nuna darajar riƙonsu a ruwa. Da waɗannan yake auna sabuwar taya mai araha da tsohuwar Michelin ko Bridgestone ko Continental, kuma ba kullum babban suna ke cin nasara ba. Sabuwa 'yar matsakaicin kamfani mai roba ɗanya ta fi tsohuwar babban kamfani da ta shekara takwas.

Taya mai kyau kuma iska na iya ɓata ta. Al'adar tasha ita ce a ɗura iska har taya ta yi ƙarar ganga in an buga, wai don kaya. Iska in ta yi yawa, tsakiyar taya kaɗai ke taɓa ƙasa, riƙo ya ragu, mota ta riƙa tsalle. In ta yi kaɗan kuma, gefe ya yi ta lanƙwasawa yana tara zafi har ta fashe, kuma wannan ya fi haɗari. Volkswagen ya manna adadin da ya dace a cikin murfin tankin mai, ɗaya na tafiyar yau da kullum, ɗaya na cikakken lodi, kuma gwani da geji yake aiki, ba da bugun ƙarfe ba. Da safe yake so a auna, kafin a yi tafiya. In direba ya iso daga doguwar hanya ya ga geji ya hau, ba ya barin a rage, domin zafi ne ya ɗaga ta, in ta huce za ta koma. Wuri ɗaya ne yake yarda a sauke iska da gangan, wato in mota ta shiga yashi mai zurfi. A nan rage iska na shimfiɗa taya ta hau kan yashin maimakon ta tona rami. Sharaɗinsa shi ne a tafi a hankali, a kuma mayar da iskar da zarar an hau ƙasa mai tauri.

Akwai muhawarar da ba ta ƙarewa a rumfar masu faci. Mutum ya sami kuɗin taya biyu kacal, ina za a sa su? Yawancin direbobinmu gaba suke cewa, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: gaba ke ja, gaba ke juyawa, fashewar tayar gaba kuma abin tsoro ne. Manyan kamfanonin taya kuwa baya suke cewa, ko da motar da gaba take ja. Dalilinsu shi ne in gaba ya zame, direba yana ji a sitiyari, ya ɗaga ƙafa daga totur mota ta dawo hanya. In baya ne ya zame a jiƙaƙƙiyar kwana, motar juyawa take yi gaba ɗaya, kuma ba kowane direba ke iya kamo ta ba. Ni dai na fi karkata ga kamfanonin, balle a motar da bayanta ke ɗauke da buhuna. Abin da kowane gwani ya yarda da shi, ko wane ɓangare yake, shi ne kada a haɗa bare da bare a layi ɗaya. Hagu da dama su zama girma ɗaya, zane ɗaya, shekaru kusa da juna, in ba haka ba mota za ta ja gefe a birki. In tayar na da kibiya a gefe, dole kibiyar ta bi juyin gaba, don zanenta ta hanya ɗaya kawai yake korar ruwa.

Kafin ya ɗaura sabuwa, yakan tsaya ya karanta wadda aka cire. In gefe ɗaya ne ya cinye, ƙafar motar ta karkace, sai an yi alaimen. In cin ya zo tudu da kwari, shokzoba ta mutu. Yakan faɗa wa direba gaskiya cewa in bai gyara wannan ba, sabuwar ma haka za ta ƙare.

Kuma ba ya mantawa da safaya. A shekarun nan da hanyoyin Isa da Sabon Birni da dajin Gundumi ke fama da 'yan bindiga, tsayawa a daji don sauya taya ya wuce maganar ɓata lokaci, kuma kowane direba a yankin ya san haka. Saboda haka gwani yakan buɗe but ya ciro ta, ya auna iskarta, ya duba shekarunta kamar sauran, ya tambaya ko jak na aiki, ko sifanar wili ta yi daidai da notuna. Da ya ɗaura, yana ɗaure notunan ɗaya da na daura da shi, ba a jere ba, don wili ya zauna daidai, kuma ba ya hawa kan sifana da ƙafa, domin wanda zai kwance a bakin hanya shi kaɗai ne. Sai ya gaya wa direba ya bi sabuwar taya a hankali a kwanakin farko har fuskarta ta goge ta fara kama titi sosai, ya kuma dawo bayan tafiya ɗaya ko biyu a sake taɓa notuna a auna iska da sassafe.